Cokali Ɗaya, Baki Biyar

A gidan Kaka ba a cin abu a ɓoye, ba a kuma ci wani yana kallo. Duk abin da ya ƙetaro bakin ƙofa, in dai na sawa a baki ne, sai ya bi ta hannunta an raba. Dafaffen ƙwai da zare take yanka shi: ta ciji bakin zaren da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta ja, ya fita kashi biyar cif. Lemo sai ta ɓare ta jera shi sala-sala a faranti, in ɗaya ya yi saura ta jefa a bakinta don a huta da shari'a. Ranar da wani baƙo marar tunani ya kawo alewa guda ɗaya tak, a takarda ta naɗe ta, ta daka da gindin kofi, kowa ya lashi garinsa a tafin hannu. Maƙwabta suna kiranta Alƙali. Tana ji, tana kuma yin kamar ba ta so.

Jikoki biyar ne a hannunta da rana, bayan iyayen sun watse neman abinci. Akwai tagwayen babban ɗanta, waɗanda ba su da sana'a sai kokawa. Akwai Mitsila, 'yar ƙaramin ɗanta, wadda ba ta daɗe da barin nono ba. Sai biyun da saboda su aka kafa dokar, wato Lauya da ƙanenta Tulu, 'ya'yan 'yarta da ta rasu. Ubansu ya tafi neman kuɗi ya manta hanyar dawowa. Lauya ta sami sunanta ne domin tun da bakinta ya buɗe ba a taɓa yanke hukunci a gidan ba ta ɗaukaka ƙara ba. Tulu kuwa, wanda ya gan shi ba ya tambayar dalili.

Makon da aka kawo su, Kaka ta fito tsakar gida ta tarar matar babban ɗanta ta ja tagwaye bayan labule tana tura musu biskit a baki. Ba mugunta ba ce, biyu ne kawai suka rage a ledar. Amma Lauya na tsaye riƙe da hannun Tulu, tana kallon ƙafafunsu ta ƙarƙashin labulen, bakin nan nata a rufe. Kaka ta ga wannan kallon, ya tsaya mata a rai, ta rantse ba za a sake yinsa a gidanta ba muddin tana numfashi.

Dokar ta yi aiki, kada a ci haƙƙin tsohuwa. Ba wanda zai shigo gidan ya nuna maka maraya a cikin yaran.

Sai Mitsila ta yi gudawa mai tsanani. Gudawar ta tsaya, amma yarinyar ba ta dawo ba. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyoyinta ta yamutse kamar ta tsohuwa, idanu suka cinye fuskar. Uwarta, wadda take ɗinki a wani shago a bakin kasuwa, ta kai ta asibiti. Suka ce tamowa ce, jikin ya rasa abin da zai gina shi. Ta dawo da kwali cike da ƙananan ledoji masu ƙyalli, kowace ba ta wuce tafin hannu ba, ta durƙusa ta ajiye a gaban surukarta.

"Inna, sun ce a riƙa ba ta kullum. Wai kuma nata ne ita kaɗai. Wai magani ne."

Kaka ta yagi gefen guda, ta dangwala da ɗan yatsa ta kai baki. Ta juya shi a harshe yadda take ɗanɗana gishirin miya.

"Gyaɗa ce da madara da sukari. Ke yarinyar nan, ni za a koya wa magani? Magani shi ne wanda sai an danne yaro an toshe masa hanci."

"Haka dai suka ce, Inna."

"Sun faɗa a can. Nan kuma gidana ne. Tashi ki tafi kada ki makara."

Uwar Mitsila ta miƙe tsaye. Yarinya ce mai kunya, kuma ta san a kan me aka gina dokar. Da wane bakin za ta ce a ba 'yarta, mai uwa da uba, a bar marayu suna haɗiyar yawu? Ta ɗauki jakarta ta fita. Kwalin ya shige ƙarƙashin gadon Kaka, inda duk wani abin daɗi na gidan yake kwana.

Daga ranar aka sami sabon shagali. Da hantsi Kaka ta shimfiɗa tabarma, yara su jeru, ta matse ledar a cokali ɗaya ya riƙa zagayawa. In ya zo kan Mitsila sai ta tsaya tana kallonsa, ta kalli Kaka, wani lokaci ta ɗan lasa, wani lokaci ta kau da kai. Ga kuma bakuna huɗu a hangame suna jira.

"Kin ƙoshi? To, ba a dole. Tulu, ha."

Kumatun Tulu har sheƙi suka fara yi.

Ranar komawa asibiti ta faɗo daidai lokacin da aka jibge wa shagon ɗinki kayan makaranta, mai shagon ya ce ko mutuwa za a yi sai an gama. Kaka ta goya Mitsila ta ce ita za ta kai ta, dama tana so ta ga mutanen nan masu kiran gyaɗa magani. A hanya ta lura da abin da ba ta so ta lura da shi. Sau biyu tana kai hannu baya tana taɓawa don ta tabbata akwai mutum a goyon.

Wurin rumfar kwano ce a bayan asibitin, an jera benci, mata sun cika su. Fanka tana rataye ba ta motsi. An manna hotunan yara masu ƙiba a bango, rana ta cinye musu launi. A tsakiya aka rataye sikeli a jikin ƙarfe, da wani abu kamar wando da ake zura yaro a ciki. Duk wanda aka zura sai ya tsala ihu yana harbin iska. Da aka zura Mitsila ba ta ce komai ba, kanta kawai ya langaɓe gefe.

"Tamu ba ta da rigima," in ji Kaka, tana duban matar da ke kusa da ita.

Matar ta sunkuyar da kai tana gyara zanen ɗanta.

Malamar asibitin yarinya ce da Kaka ta yi jika da ita, biro soke a ɗankwali, gajiya a rubuce a fuska. Ta zagaya wani siririn abin awo mai launi uku a damtsen Mitsila, ta ja. Ya tsaya a kan ja. Ta sake dubawa, ta dubi sikelin, ta dubi Kaka.

"Mama, tana cin abin nan kuwa?"

"Tana ci mana. Duk suna ci. Ai sun ji daɗinsa, Allah ya saka muku."

"Su wa?"

"Yaran. Su biyar ne."

Malamar ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi wa Kaka sauƙi, don a faɗa ba a cin ta. Biron kawai ta ajiye, ta jawo kujera ta zauna.

"Mama, ba a gaya muku nata ne ita kaɗai ba?"

"An faɗa. 'Yar nan, ina da marayu biyu a gidan. Ba zan ba wani abu suna kallo ba. Ban taɓa ba."

"In ɗaya ya yi zazzaɓi, kina raba allurarsa biyar?"

"Allura ba ta da daɗi."

Matan da ke benci suka yi dariya, har malamar ta murmusa. Kaka ta gyara zama, a ganinta ta ci wannan zagayen.

"Gaskiyarki," in ji malamar. "An yi shi da daɗi ne saboda yaran da jikinsu ya gaji har da cin abinci. Bari in gaya miki ba ɓoye-ɓoye. Ba ta ƙaru ba, ta ma ragu. In kika dawo da ita haka, gado za mu ba ta. Waɗanda muke ba gado kuwa, ba duka ake komawa da su gida a goye ba."

Ta yagi leda guda ta miƙa wa Kaka da cokali, ta nuna mata wata kusurwa inda ba kowa.

"Je ki can ki ba ta. Kada ki gaggauta. Ina so in ga ko za ta ci."

Kaka ta zauna a kusurwar da yarinyar a cinya. Ta kai cokali. Mitsila ta tsaya tana kallonsa kamar kullum, ta kau da kai kamar kullum. Hannun Kaka har ya fara juyawa da kansa neman baki na gaba, sai ya tarar ba kowa, bango ne. Dole ta bar cokalin inda yake. Can, bayan har damtsenta ya fara sagewa, Mitsila ta juyo, ta buɗe baki kaɗan, ta karɓa. Ta daɗe tana juya shi kafin ta haɗiye. Ta huta. Ta sha ruwa. Ta sake buɗe baki.

Layin ya ragu, rana ta shigo rumfar, mata suka yi ta tafiya, Mitsila tana ci. Sai da ta kusa cinye ledar.

A nan ne Kaka ta gane. Ashe yarinyar ba ƙoshi take yi ba. Ƙarfin buɗe bakin ne sai ta tara shi, cokalin kuwa bai taɓa tsayawa ya jira ta ba. Kaka ta tuna yawan lokutan da ta ce "Kin ƙoshi?" da bakinta, ta ji kunya irin wadda rabonta da ita tun tana amarya. Ta kuma ji tsoro, wanda ya fi kunyar nauyi.

A hanyar gida ta yi ta saƙawa tana kwancewa. Ta yi tunanin ba Mitsila a ɓoye, in yaran sun fita wasa. Amma ita da ta tsani labule, yau ita za ta koma bayansa? Kuma Lauya hancinta ya fi na kyanwa. Sai ta yanke abin da duk alƙali zai yanke, in za a karya doka, a karya ta da wata dokar, a gaban kowa.

Ta tara yaran a tsakar gida.

"Ku buɗe kunnenku. Daga yau abin nan na Mitsila ne ita kaɗai."

"Saboda me?" in ji Lauya, tun kafin a rufe baki.

"Saboda magani ne."

"Ke kika ce ba magani ba ne. Kika ce gyaɗa ce."

"Na faɗa, yanzu kuma na janye. Akwai abin awo da suke sa wa yaro a nan." Ta kama damtsenta ta nuna. "Wanda nasa ya faɗa kan ja, shi ake ba. Nata ya faɗa. Naku bai faɗa ba. Doka ɗaya ce ga kowa, ban ware wani ba."

Ta ji daɗin wannan bayanin ƙwarai. Ta ɗauki Mitsila ta shiga ɗaki, ta tura ƙofar da rabonta da rufuwa da rana tun rasuwar mijinta. Ƙofar har ƙara ta yi don mamaki.

Tulu ya faɗi a bakin ƙofa ya yi birgima, ya yi kukan duniya, sannan ya ga ƙadangare ya bi shi. Tagwaye suka yi zuciya na ɗan lokaci suka koma kokawa. Muryar Lauya ce kawai Kaka ba ta ji ba, kuma da ta san abin da ke mata ciwo da wannan shirun ya dame ta. Amma hankalinta yana kan ɗan bakin da ke gabanta.

Ciyar da Mitsila aiki ne na mai haƙuri, Kaka kuwa ba ta saba zama shiru ba. Don ta kashe lokaci sai ta riƙa yi mata 'yan waƙe-waƙe marasa kan gado, tana jijjiga ta a cinya, tana ba ta labarin kaji da awaki. Haka kullum, safe da rana da yamma. Sannu a hankali yarinyar ta fara dawowa. Ta fara bin cokali da ido. Ta fara kama shi. Wata rana da aka yi jinkirin yaga ledar ta tsala wani ihu da ya sa Kaka ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, ita da a da ba abin da ta ƙi jini kamar kukan yaro. Uwar Mitsila ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Sabon ɗankwali kawai ta ɗinka ta ajiye a kan gadon Kaka, Kaka ta ɗaura ba ta tambayi na mene ne ba.

Ana cikin wannan murnar Kaka ta fara lura kwanon Lauya yana dawowa wanke tas da wuri fiye da na kowa. Da farko ta yaba. Daga baya ta ga inda abincin yake zuwa, da ta juya baya sai a juye wa Tulu, shi kuwa ba ya tambayar daga ina. In an matsa, Lauya ta ce cikinta ke ciwo. Burodin da ake ba ta na makaranta ya riƙa dawowa a jaka ya bushe. Sai ga saƙo daga malamar ajinsu, wai yarinyar da ta hana kowa sakat da tambaya yanzu barci take yi a kan tebur, jiya ma jiri ya kwashe ta a filin wasa.

Da rana tsaka, bayan an taso daga makaranta, Kaka ta zagaya bayan ɗaki ɗauko tsintsiya. Ta tarar da Lauya a tsugune, ta naɗe hannun rigarta. Ta samo wani ƙyalle a ragowar yadin da ake kawowa daga shago, ta shafa wa bakinsa jan alli, tana zagaya shi a damtsenta tana ja da haƙori.

"Me kike yi?"

Lauya ta zabura ta ɓoye hannun a baya. Sai kuma ta fasa, ta fito da shi, don ita ba ta iya gudun shari'a ba.

"Saura kaɗan," ta ce.

"Saura kaɗan me?"

"Ya kai ja. Ke kika ce doka ɗaya ce ga kowa."

Tsintsiyar ta suɓuce daga hannun Kaka. Ta dubi ɗan damtsen, ta dubi wuyan da ya fara tsawo, ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Da bakinta ta tsara dokar, ta kuma manta wa take gaya wa. Ranta ya ɓaci, amma ta rasa wanda za ta ɓata wa sai kanta.

Ta kama hannun yarinyar ta ja ta ɗaki. Ta durƙusa da ƙyar ta jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, ta zaro leda guda. Ta san na Mitsila ne, ta san an auna shi daidai bakinta, ta san abin da malamar asibiti ta ce. Duk da haka ta miƙa mata.

"Ungo. Ki cinye ke kaɗai, a wuce wurin. Amma ki ci abinci."

Lauya ta dubi ledar ba ta karɓa ba.

"Ni ba na sonsa. Yana manne min a dasashi. Da ma don kowa yana sha ne nake sha."

"To me kike so, don Allah? Kashe ni za ki yi?"

Lauya ta dubi ƙofa, ta dubi ƙasa.

"Kina yi mata waƙa. Ina ji ta jikin ƙofa." Ta ja hanci. "Ni in na hau cinyarki, ko zama ban gama ba sai ki ce in sauka Tulu ya hau, sai tagwaye. Ni ban taɓa daɗewa ba."

Gaskiya ne. Cinyar ma raba ta Kaka take yi, kowa da ɗan lokacinsa, kada wani ya ga an fi son wani. Su tagwaye da Mitsila in yamma ta yi akwai wata cinyar da take jiransu, wadda ba a cewa su sauka. Waɗannan biyun kuwa tata ce kaɗai gare su, ita ma kashi ɗaya cikin biyar. Shekara da shekaru tana tsaron kada yarinyar nan ta ga an ba wani an hana ta, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa ba ta taɓa samun abu guda da yake nata ita kaɗai ba.

Ta mayar da ledar cikin kwali ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta leƙa waje ta ɗauko kwanon shinkafar da Lauya ta ture ɗazu, ta dawo ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado ta daki cinyarta.

"Zo nan, uwar gardama."

Lauya ta hau tana ɗari-ɗari. Ta yi girma da wurin, ƙafafunta har suna taɓa ƙasa, gwiwar hannunta tana sukar Kaka a haƙarƙari. Kaka ta ɗebi shinkafa ta kai mata baki, ta fara wata waƙa da ba ta da kai ba ta da gindi. Yarinyar ta karɓa tana tauna tana hawaye, ba ta ko gyara wa Kaka waƙar ba.

Ba a yi loma nawa ba sai ga bugu a ƙofa, da tafin hannu biyu.

"Kaka! Kaka! Saura ni!"

Tulu ne. Jikin Lauya ya sandare. Ba wanda ya ce mata komai, amma ta haɗiye lomar da sauri, ta goge ido da bayan hannu, ta fara zamewa ƙasa da kanta.

Kaka ta zagaye ta da hannu ta riƙe gam.

"Ina za ki? Zauna. Ban ce ki sauka ba."